Me ya sa malamina ya haɗa ni da Chopin?

Tambaya: Malam, shekarata biyu ina koyon fiyano. Burina in gane yadda ake haɗa sautuka, sai malamina ya miƙo min Prelude na 4 na Chopin, shafi guda tal. Anya ba ɓata lokaci ba ne? Daga wata mai karatu a Jos.

Amsa: 'Yar'uwa, kwantar da hankalinki. Chopin, mai tsara kiɗan fiyano ɗan ƙasar Poland, ya fitar da waɗannan Prelude 24, wato gajerun kaɗe-kaɗen fiyano, a 1839, kuma na huɗun makaranta ce guda. Ki ajiye hannun dama tukuna. Hagu yana danna sautuka uku tare, yana maimaitawa, can sai yatsa ɗaya ya zame ƙasa rabin mataki, wato zuwa sautin da ke dab da shi, kiɗan ya canza kama. Ki tsaya a kowane canji, ki nuna yatsan da ya motsa, ki faɗi sunan sautin da baki.

Kada yatsunki su rabu da makullan da kike dannawa, wuyan hannu kuma a sake. Sai feda, wato abin da ake takawa da ƙafa don sauti ya ci gaba da amo. Ni da nake koyo, takawa nake in manta ƙafata a kai, komai ya dame kamar kunu. Ki ɗaga ƙafa daidai lokacin da sabon haɗi ya shigo, sannan ki sake takawa.