Alƙaluman kasuwar manhajojin chess: a yarda da su?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko za a dogara da alƙaluman da ke nuna wace manhajar chess ce ta mamaye kasuwa. Ni dai ina ɗari-ɗari da su, domin abin da aka sayar suke ƙirgawa. Manhajar Stockfish kuwa, mai buga chess da nazarinsa, kyauta ake sauke ta tun 2008, kuma ita ce ke nazarin wasanni a shafukan buga chess na intanet, Lichess da Chess.com. Wanda ya buɗe wayarsa ya duba inda ya tafka kuskure, ba ya cikin lissafin kowa.

Ga kuma manhajar Fat Fritz 2 da kamfanin ChessBase na Jamus ya sayar a 2021: daga Stockfish aka samo ta, har aka je kotu. Wannan cinikin, a asusun wa za a saka shi? Ka fara binciken wanda ya yi ƙidayar tukuna.