Kowace Al'umma da Labarinta, To Ina Mahalicci a Ciki?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne, ina shekara ta biyu a jami'a. Abokina da muke ɗaki ɗaya yakan ce kowace al'umma ta ƙagi nata labarin yadda aka yi duniya: mutanen Babila da nasu, Misirawan da can da nasu, Sinawa da nasu, kuma ba wanda ya yi daidai da wani. Saboda haka, in ji shi, mutum ne ya ƙagi Mahalicci, ba Mahalicci ne ya yi mutum ba. Na rasa amsar da zan ba shi, har abin yana hana ni barci, ga shi ina jin nauyin tambayar malaman da suka san ni kada a ce imanina ya yi rauni. Daga ina waɗannan labarai suka fito? Kuma saɓaninsu yana nufin babu Mahalicci ke nan?
Daga wani ɗalibi.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana. Ka ajiye jin nauyin nan, matambayi ba ya ɓata. Abokinka ya ɗauki magana biyu ya ɗaure su da igiya ɗaya. Ta farkon gaskiya ce, kuma zan ma ƙara masa hujja a kanta. Ta biyun ce ba ta biyo bayan ta farkon ba.

Mu fara da Babila, tunda ita ya fara ambata. Labarin nasu yana kan alluna bakwai na yumɓu, waɗanda aka tono a kangon birnin Nineba, kusa da Mausil ta Iraƙi a yau, wani Bature ɗan Ingila mai suna George Smith kuma ya buga fassararsu a 1876. Labarin ya ce tun sama ba ta da suna, ba abin da ke akwai sai ruwa biyu a gauraye: Apsu, ruwan daɗi, da Tiamat, ruwan gishiri. Daga cikinsu alloli suka fito, rigima ta tashi, wani matashi a cikinsu mai suna Marduk ya kashe Tiamat, ya tsaga gawarta biyu, rabi ya yi sama, rabi ya yi ƙasa, kogin Dijla da na Furat suka kwararo daga idanunta. Mutum kuwa da jinin wani abin bauta da ya yi tawaye aka yi shi, don ya ɗauki wahalar aiki alloli su huta.

Yanzu dubi ƙasar da aka yi wannan labari. Kudancin Iraƙi waje ne da koguna biyu ke zuba a teku, ruwan daɗi na haɗuwa da na gishiri, laka na taruwa har ta zama tudu. Mutumin da ya tashi a nan, in ka tambaye shi yadda ƙasa ta samu, me kake tsammanin zai ce? Sannan Marduk abin bautar birnin Babila ne, kuma a bikin sabuwar shekara ake karanta labarin. Wato bayan bayanin sama da ƙasa, labarin yana gaya wa talaka dalilin da ya sa Babila ke mulkinsa, da dalilin da ya sa shi ne mai haƙa magudanar ruwa. Na daɗe da lura cewa da wuya ka ga labarin asali wanda ba ya yi wa wani mai mulki aiki.

Sauran ma haka suke. Misirawa sun ce da farko ruwa ne kawai, sai wani tudu ya ɓullo. Duk shekara suna ganin haka da idonsu in ambaliyar Nilu ta janye. Mutanen arewacin Turai, a labarin da Snorri Sturluson ya rubuta a tsibirin Aisilan wajen 1220, sun ce ƙanƙara da wuta ne suka haɗu, wata saniya ta yi ta lasar ƙanƙara mai gishiri har kakan alloli ya fito. Mutanen Maya na Amurka ta Tsakiya sun ce an gwada yin mutum da laka ya narke, aka gwada da itace ya fito ba hankali, sai da aka kwaɓa shi da masara sannan ya tsaya. Manoman masara ne. Wani Bagirke, Zenofanis, ya gane wannan tun fiye da shekara 2,500 da suka wuce, ya ce da dawaki da shanu suna da hannun zane, da sun zana allolinsu da siffar dawaki da shanu. Ka ga abokinka ba shi ya fara ba.

Akwai kuma abin da ke cikin kan ɗan Adam. In ciyawa ta motsa da dare, wanda ya ɗauka zaki ne ya gudu, in iska ce bai yi asarar komai ba. Wanda ya ɗauka iska ce ya zauna, ran da ya zama zaki ne, shi ke nan. Masana halayyar ɗan Adam suna ganin wannan ne ya sa muke saurin ganin mai aiki a bayan kowane motsi. Wata mai bincike a Amurka, Deborah Kelemen, ta tambayi yara ƙanana me ya sa wasu duwatsu suke da tsini, sai ta ga sun fi karkata ga amsa irin ta "don dabbobi su sosa jikinsu". Yaro yana neman manufa a komai tun ba a koya masa ba.

To a nan ne igiyar abokinka ta tsinke. Wannan binciken wuƙa ce mai kaifi biyu. Wanda bai yi imani ba zai ce, ga shi nan, ruɗin ƙwaƙwalwa ne. Musulmi zai ce, ai wannan ita ce fiɗirar da hadisi ya ce ana haifar kowane jariri a kanta. Binciken ya nuna yadda tunanin yake tasowa, amma bai taɓa tambayar ko abin da ake tunanin yana nan ko ba ya nan ba. Misirawa sun ce rana a jirgin ruwa take tafiya, Girkawa sun ce a keken doki. Duka biyun ba daidai ba ne, amma saɓaninsu bai kashe rana ba. Ba na so in cuce ka da wannan misali: rana ana ganinta, Mahalicci ido ba ya riskarsa. Iyakar abin da misalin ya nuna shi ne yawan labarai masu karo da juna ba hujjar rashin abu ba ne. Hujjar samuwarsa sai an nemo ta dabam.

Kuma ka lura da wani abu da abokinka ya tsallake. Marduk haifarsa aka yi, yana da uba, kuma abin da ya tarar ya sarrafa. Shi da maƙeri bambancinsu girma ne kawai. Pangu, wanda labarin Sinawa ya ce shi ya raba sama da ƙasa, daga cikin ƙwai ya fito. To ƙwan fa? Waɗannan duk 'yan cikin duniya ne. Tambayar da malaman tauhidi da na falsafa suka yi ta fi wannan zurfi: me ya sa ake da wani abu ma tun farko? Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya ce duk abin da ka gani zai yiwu ya samu, zai yiwu ya rasa samuwa, saboda haka da wani ya jingina. In ka tara dukkan masu jingina, tarin ma mai jingina ne, dole a tuƙe ga wanda samuwarsa ba aro ba ce, shi ne ya kira Wajibul Wujud. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya bi ta wata hanya: duk fararre yana da mai farar da shi, duniya fararriya ce. Alƙur'ani ya taƙaita zancen a Suratuɗ Ɗur, aya ta 35, inda yake tambaya ko an halicce su ne ba daga komai ba, ko kuwa su ne masu halittar.

Masu musu suna da tasu amsar, kuma gara ka ji ta daga bakina. David Hume, masanin falsafa ɗan Birtaniya, a littafinsa da aka buga a 1779 bayan rasuwarsa, ya ce mun san gida yana da magini ne don mun sha ganin ana gina gidaje, amma wa ya taɓa ganin ana yin duniya? Bertrand Russell, shi ma masanin falsafa ɗan Birtaniya, a wata muhawara a rediyon BBC a 1948, ya ce duniya tana nan ne kawai, magana ta ƙare. Ni dai wannan amsar ba ta ƙosar da ni ba. Mutumin da ya ƙi yarda ganye ya faɗo ba sanadi, ya zo kan dukkan samuwa ya ce a daina tambaya, a ganina ya sauka ne tun ba a iso tasha ba. Na yi imani da Mahalicci, kuma hujjar Ibn Sina ce ta fi zauna mini. Sai dai ba zan ce maka lissafi ce irin biyu da biyu huɗu, wadda ke rufe bakin kowa ba. Ibn Rushd, alƙali ne a Ƙurɗuba ta Andalus, littafi guda ya rubuta yana mayar wa Gazali martani, kuma batun ko duniya tana da farko yana kan gaba a cikinsa.

Abu ɗaya zan ja kunnenka a kai: kada ka ruga ka ce kimiyya ta gama tabbatar maka. Gaskiya ne masana sun auna cewa sararin samaniya yana faɗaɗa, kuma shekarunsa sun kai kimanin biliyan 13.8. Wanda ya kawo wannan ra'ayi a 1927, Georges Lemaître, limamin coci ne ɗan Beljiyam. Da Fafaroma Pius na 12 ya ce a 1951 wannan bincike shaida ne a kan halitta, Lemaître bai ji daɗi ba, don yana ganin wanda ya jingina imaninsa da lissafin yau zai shiga uku ran da lissafin ya canja.

In abokinka ya dawo ɗaki, kada ka yi masa faɗa, kada kuma ka ƙaurace masa. Ka ce ka yarda da shi a kan Marduk da saniyar ƙanƙara. Sannan ka tambaye shi, tarin abubuwan da kowannensu ke jingine da wani, shi tarin da me ya jingina? Abin da ya ce, ka rubuto mini.