Zarton tebur ya ƙi tsayawa a digiri 45

Malam, ka ce in ka karkata zarton injinka zuwa digiri 45 sai ya goce, kana tambaya ko kayan roba na firintar 3D (na'urar da ke buga kaya da narkakkiyar roba) za su magance.

Kafin ka buga komai, zare wuta ka leƙa ƙarƙashin teburin. Galibi garin katako ne ke cushe haƙoran giyar da ke karkata zarton, ya daskare kamar ƙanzo. Kankare shi da buroshi, ka goga kakin kyandir. Ban da giris, ƙura yake tarawa. Sannan ka saita kusoshin tsayawa na digiri 90 da 45 da sukwaya, wato ma'aunin kusurwa.

Abin da ya dace a buga: babban hannun juyawa, allurar nuna digiri, da zoben da zai cike lilon sandar hannun juyawar. Amma kada ka yi da robar da ake kira PLA, tana laushi tun wajen digiri 60 na zafi, ga shagon kwano a Afrilun Kano, ga ɗumin injin kansa. Robar PETG ta fi juriya.

Giyar kanta da makullin zarto kuwa, a bar su ƙarfe. In roba ta saki ana tsakiyar yanka, katakon kanka zai yiwo. Idan sun cinye, kai su Ƙofar Ruwa wajen masu injin gyaran ƙarfe.