Hukuncin makin gogewa da hawa mataki a wasan labari na kan tebur

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Mu shida ne muke haɗuwa duk Asabar muna wasan Dungeons & Dragons. Ni ne jagora, ni nake ba da labarin kuma nake raba makin gogewa da jarumi ke hawa mataki da shi. Kowa yana ba da naira 2,000 a kowane zama mu sayi abinci, abin da ya rage mu tara, ƙarshen wata a ba wanda jaruminsa ya fi maki. Makin dodo kuwa wanda ya yi saran ƙarshe nake ba. Wani abokinmu ya ce wasan basira ne, kuma ƙwayar ludo ba ta haramta sai in da kuɗi a kanta. Mene ne hukuncin?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka faɗi yadda kake raba makin, domin da ka ɓoye wannan da amsar ta karkace.

Makin kansa da matakin kansa babu abin da ke cikinsu. Lissafi ne a kan takarda: a bugun 2014 na wasan, jarumi yana hawa mataki na biyu da maki 300, na uku da 900, na huɗu da 2,700, na biyar da 6,500, har zuwa na ashirin da 355,000. Ba dukiya ba ne, ba a gadonsa, ba a zakkarsa. Karo-karon abinci ma halal ne, ko da wani ya fi wani ci.

Ragowar kuɗin nan ita ce matsalar. Kowa ya zuba, mutum ɗaya ya kwashe, sauran suka tashi da asara: wannan caca ce, babu saɓani a kai, kuma ba ta cikin tseren doki da raƙumi da harbi da aka yi wa rangwame. Ko da basira ce zalla hukuncin bai canza ba, balle ma ba ita ba ce. Duba ƙa'idar littafinku: idan jarumai biyar suka kashe ƙananan dodannin da ake kira goblin guda biyar, kowane dodo maki 50, jimilla 250, raba su ake yi daidai, kowa ya samu 50. A kan wannan tsari babu mai wuce wani sai in wani bai zo ba. Kai ne ka sauya shi ka ce sai mai saran ƙarshe. To wa ke zaɓar mai saran ƙarshe? Mayaƙi ɗan mataki na ɗaya mai ƙarin 5 a saransa, idan ya fuskanci dodo mai kariya 15, sai ƙwaya mai fuska ashirin ta ba shi 10 ko sama, wanda in an haɗa da ƙarin 5 zai kai 15, kafin saran ya ci. Fuska goma sha ɗaya ke nan cikin ashirin, kashi 55 cikin ɗari. Wani zai yi ta fama ya rage wa dodon ƙarfi, na kusa da shi ya zo da sara ɗaya ya kwashe makin, daga baya ya kwashe kuɗin. Ƙwaya ce ta raba muku dukiya. Ku daina daga wannan Asabar ɗin, wanda ya taɓa karɓa ya mayar wa kowa rabonsa, abin da ke cikin asusu a ƙara a abinci ko a raba daidai. Nauyinka ya fi na sauran, tunda alƙalamin a hannunka yake.

Sai maganar abokinka ta biyu, wadda ita ce nake so in tsaya a kanta, don tana yawo sosai a bakin matasa. Ba shi ya ƙirƙiro ta ba. An ruwaito daga Abu Ishaƙ al-Marwazi cikin Shafi'awa cewa nardu, wasan allo da ake yi da jefa ƙwaya, kamar shaɗaranji (chess) yake, wato makaruhi ne in babu kuɗi. Amma Shirazi da ya kawo maganar a littafinsa al-Muhazzab, nan take ya ce kuskure ce. Hadisin Buraida a Sahihu Muslim ya kwatanta mai wasan nardu da wanda ya tsoma hannunsa cikin naman alade da jininsa, na Abu Musa a Muwaɗɗa ya ce ya saɓa wa Allah da Manzonsa. A cikinsu babu inda aka ambaci kuɗi. Wanda ya ce ana nufin in da kuɗi ne, shi zai kawo dalilin wannan ƙaidin. Kuma da kuɗin ne kaɗai illar, da ambaton nardu bai ƙara komai ba, tunda ayar Ma'ida ta riga ta haramta caca da kowane irin abu aka yi ta, ko da tsakuwa ne. Sannan ka ga yadda sahabbai suka fahimta. A Muwaɗɗa, labari ya kai wa Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, cewa wasu mazauna gidanta suna da nardu, sai ta aika musu su fitar da shi ko ta fitar da su. Ba ta tsaya binciken ko suna sa kuɗi ba. Ibnu Umar kuma in ya samu wani cikin iyalinsa yana yi, yakan doke shi ya karya abin. Mai Risala ma bai raba ba, ya ce wasan nardu ba ya halatta. Masu cewa ai zamani ya sauya, yanzu nishaɗi ne kawai, su tuna cewa mutanen gidan A'isha ma babu wanda ya ce wani abu ne ya tara su ban da nishaɗi.

Abin da za a iya tattaunawa da gaskiya shi ne ko wasanku nardu ne. Ba shi ba ne da kansa, ƙiyasi ake yi. Malaman Shafi'iyya sun ba da ma'auni mai amfani: wasan da ya dogara ga tunani da lissafi hukuncin shaɗaranji gare shi, wanda ya dogara ga abin da sa'a ta fitar hukuncin nardu gare shi. Yadda kuke yi yanzu, da gasa da mai ci da wanda aka ci, ƙwaya kuma na yanke hukunci, ya faɗa ɓangaren nardu. In kun cire gasar kuka koma haɗin kai a labari ɗaya, ya yi sauƙi, ba zan ce zunubinsa ɗaya da na nardu ba, amma shubuha ce, kuma ina ba ka shawarar ka fita daga cikinta tunda hanyar fita a buɗe take. Manhajar waya mai jefa ƙwaya ko zaren kati ba fita ba ce, sauya wa abin riga ne kawai.

Hawa mataki gaba ɗayansa ana iya yinsa ba tare da ƙwaya ba, kuma da ƙa'idar littafin kansa. Wajen gina jarumi ku bar jefa ƙwaya huɗu, ku ɗauki jerin nan na 15, 14, 13, 12, 10, 8 ku raba wa siffofinsa shida, irin su ƙarfi da basira, ko tsarin sayen siffofin da maki 27. Wajen ƙarin ƙarfin jiki a sabon mataki, mayaƙi ya ɗauki 6 maimakon jefa mai fuska goma, kowane jarumi akwai adadinsa tsayayye. Makin kuma ka bar ƙirga shi a kan gawa, ka koma tsarin zango: duk sanda ƙungiya ta kammala wani babban sashe na labarin, kowa ya hau tare. Wannan zai kashe gasar daga tushe, ya kuma magance wata cuta da maki a kan kisa ke haifarwa, inda 'yan wasa ke daina sulhu da dabara suna neman abin kashewa, har da mutanen ƙauyen cikin labarin.

Faɗa ne ya fi wuya. Littafin ya rubuta matsakaicin raunin da saran kowane dodo ke yi, na goblin 5 ne, ka yi amfani da shi. Maimakon ƙwaya ka ɗauki 10 ka haɗa da ƙarin jarumi, ka ƙara 5 in ɗan wasa ya kawo dabara mai kyau, ka rage 5 in ya sa kansa a mummunan wuri. Illar wannan ita ce sakamako yakan zama sananne tun kafin a fara, sai wasan ya yi lami. Maganinsa ka ba kowa 'ya'yan dabino biyar a farkon zama, kowane ɗaya ƙarin 2 ne, shi zai zaɓi inda zai kashe su. Ba sabon abu ba ne, tun 1991 aka fitar da wasan Amber wanda babu ƙwaya a cikinsa sam.

Akwai abin da ba ka tambaya ba, kuma ya fi duk wannan haɗari. Wasu jaruman ƙarfinsu daga abin bauta na ƙarya yake zuwa, ko daga alkawari da shaiɗani, kuma hawa matakinsu zurfafa wannan alaƙar ce. Mai hidimar gunki a mataki na goma ana ba shi damar kiran abin bautarsa ya kawo masa ɗauki. Kada wani a teburinka ya buɗe baki ya roƙi wanin Allah da sunan yana kwaikwayon jaruminsa. Waɗanda suka ce hira da wasa kawai muke yi, aya ta 65 da ta 66 a Suratut Tauba ba ta karɓar musu uzuri ba. Kai ne jagora, duniyar labarin kai ka gina ta, ka cire waɗannan jaruman da masu sihiri, ka bar mayaƙa da maharba da masu sanin magani.

Zama ɗaya yakan ci awa uku zuwa huɗu, kuma hawa mataki an tsara shi ne don ya sa mutum ya ce bari mu ƙarasa wannan faɗan. In kun fara bayan azahar, la'asar za ta riske ku a tsakiyar labari. Da an kira salla ka rufe littafin ko da saura sara ɗaya dodon ya faɗi, ka ja abokanka zuwa masallaci, ku dawo ku ci gaba daga inda kuka tsaya. Wallahu a'alam.