Amsar tambayarka kan babban lagireto

Ɗana, jiya muna tsakiyar kwance lagireton Camry ɗin Alhajin nan na Agege ka tambaye ni abin da ya sa na hana shi sayen babban lagireto na alminiyam zalla, irin na motocin tsere, wanda aka tallata masa a kasuwar kayan mota ta Ladipo, alhali motarsa tana zafi kuma shi da bakinsa ya ce kuɗi ba matsala ba ne. Hannuna yana cikin aiki a lokacin, shi ya sa na bari sai yau.

Ka fara riƙe wannan: inji ba sanyi yake so ba, zafi yake so daidai gwargwado. An ƙera shi ne ya yi aiki a wajen digiri 90, kuma abin da ke tsare masa wannan ma'auni shi ne tamastat, wato 'yar ƙofar da ke buɗe wa ruwa hanyar zuwa lagireto idan ya yi zafi, ba girman lagireto ba. A yawancin motocin Toyota da muke taɓawa, tamastat yana fara buɗewa ne a wajen digiri 82, kafin nan kuwa ruwan cikin injin kaɗai yake kewayawa. Saboda haka idan komai lafiya yake, ko ka ɗora lagireto mai layi uku, allurar zafi tana nan inda take, domin tamastat zai rage ruwan da yake sakar masa ne kawai. Kamfanin da ya ƙera motar ya riga ya auna lagiretonta da zafin da injinta ke fitarwa, har da rara. Motar da ta shekara goma tana yawo lafiya da lagiretonta sannan ta fara zafi, ba lagireton ne ya ƙanƙance ba, wani abu ne ya lalace.

Ka tuna kuma inda Alhaji ya ce allurar take tashi. Bai ce a hanyar Ibadan ba, inda yake sakin mota; cewa ya yi a gosulon gadar Third Mainland da yamma, da na'urar sanyaya mota a kunne. Wannan bayani kaɗai ya kusa gama mana binciken. Motar da ke gudu iskar hanya ce ke ratsa lagiretonta, amma wadda ta tsaya cak a cunkoso ba ta da wata iska sai wadda fanka ta jawo mata, kuma ita ma sai ta fara ratsa kwandensan na'urar sanyaya mota, wanda ke gaban lagireton, ta kwaso zafinsa. Babban lagireto ya fi kauri, iska kuma ta fi shan wahalar ratsa shi, don haka idan fankar ta raunana, ƙara kauri bai tsinana komai ba, wani lokaci ma baya yake mayar da kai. An yi irin waɗannan ne domin motar da ke ƙure gudu a filin tsere, mu kuwa a Legas rabin tafiyarmu a tsaye muke yin ta.

Ai kai ka ga abin da muka tarar. Fanka ɗaya ba ta tashi sam. Tsakanin kwandensa da lagireto mun zaro busasshen taɓo da guntayen leda, ragowar ambaliyar damina. Robar murfin lagireton ta tsattsage. Wani kuma ya riga ya cire tamastat ɗin ya jefar, abin da abokan sana'armu da yawa suke yi da sunan wai na ƙasar Turawa masu sanyi ne, alhali cire shi yana hana inji kai zafinsa da wuri, ya ƙara shan mai, ya kuma ɓoye ainihin cutar. Da na sa ka shafa fuskar lagireton bayan mun kashe inji, ka ji gefe ɗaya da zafi, tsakiya kuwa da sanyi, wato bututun wurin sun toshe, kuma jan ruwan da ya zubo mai kama da kunun kanwa ya gaya maka dalili: shekara da shekaru ana ɗura masa ruwan rijiyar burtsatse da fiya wata maimakon kulant, wato ruwan sanyaya inji mai hana tsatsa. Wannan ruwan da ya kashe na farko, shi zai kashe na alminiyam ɗin ma.

Kada ka raina murfin nan. Lambar 0.9 ko 1.1 da ke rubuce a kansa matsin da yake riƙewa ce. Ruwa a buɗaɗɗiyar tukunya yana tafasa a digiri 100, amma a ƙarƙashin wannan matsi sai ya kai wajen 120. Murfi mai yoyo kaɗai ya isa ya sa mota tafasa.

Ban ce babban lagireto ba shi da amfani ba. Na asali tankinsa roba ne da aka matse a jikin alminiyam, kuma idan ya tsufa yakan bushe ya tsage a wuya, abin da na alminiyam zalla ba ya yi. Kamfanoni irin su Koyo da Mishimoto suna yin masu kyau. Wanda ya ƙara wa injinsa tarbo, na'urar da ke tura wa inji ƙarin iska don ya ƙara ƙarfi, ko yake jan tirela a baya, ko ya ɗora injin da ya fi na asali girma, ya ƙara zafin da ba a lissafa da shi ba, kuma shi kam ya cancanci ya saya. Sai dai ƙyalli ba shi ne inganci ba. Akwai masu arha a kasuwa da waldarsu ba ta jure ramukan hanyoyinmu. Wasu kuma an yi su ne domin mota mai giyar hannu, babu hanyar man giya a cikin tankinsu, wanda idan ka ɗora wa mota mai giyar otomatik ba tare da ka tanadar mata wani abin sanyaya man ba, ka gyara inji ka kashe giya. Ga kuma batun wuri, domin ƙarin kaurin yakan hana gidan fanka zama yadda ya kamata, kuma da zarar an fara yanke-yanke da ɗaure-ɗaure da waya, iska sai ta riƙa zillewa ta gefe.

Gobe da sassafe ka tafi Ladipo da tsohon lagireton a hannunka, ka samo irinsa daidai, na kamfanin Denso idan akwai, ka gwada bakunan tiyo da na man giya ɗaya bayan ɗaya kafin ka biya. Ka haɗo da tamastat da murfi da kulant. Idan mun ɗaura, za mu tayar da injin tun yana sanyi, murfi a buɗe, mu zuba ido a wuyan lagireton: in kumfa ta ƙi yankewa bayan iska ta gama fita, to zafin da ta sha ya riga ya taɓa gasket, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa, sai mu kira Alhaji kafin mu ci gaba.