An sare ni a Agege: wa zai biya ni diyya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Barista. Ni mai tsire ne a Agege. Wata uku da suka wuce, na tashi daga teburina da dare sai wasu samari suka tare ni, suka ƙwace cinikin ranar, ɗayansu ya kawo mini sara da adda. Na kare da hannu, yatsu biyu suka fita. An kama mutum ɗaya. Ɗan yayata da ke karatu a Ingila ya ce a can gwamnati ce ke biyan diyya, har da ta azabar ciwo. Mu nan Legas fa?

AMSA: Wa alaikumus salam. Sannu Malam, Allah ya ƙara sauƙi, ya mayar da alheri.

Ɗan naka bai yi ƙarya ba. Tun 1964 Birtaniya ke da wannan tsari. Ko ba a kama kowa ba, muddin mutum ya kai ƙara wurin 'yan sanda kuma ya nema cikin shekara 2, gwamnati na biya, kuma kowane rauni da farashinsa, har zuwa fam 500,000. Abin sai ya tuna mini da karatun fiƙihu a zaure, inda aka koya mana cewa yatsa raƙumi 10 ne, haƙori 5.

A nan kuwa hanyar da aka saba bi ba ta baitulmali ba ce, ta aljihun wanda ya sare ka ce. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015, a sashe na 319, ta ba alƙali ikon sa mai laifi ya biya wanda ya cuta, kuma Legas na da tata dokar mai irin wannan tanadi. Sai dai wanda bai nema ba, ba kasafai ake tunawa da shi ba. Ka samu mai gabatar da ƙara, ka ce masa ƙarara kana neman diyya.

Kuɗin raɗaɗi da nakasa kuma, an fi samunsu idan ka shigar da ƙarar kanka daban. A nan ne lauya zai nuna wa kotu cewa hannun da ke yanka nama da tsire shi ne aka lahanta, ba yatsu kawai ba, sana'a aka sara. In babu kuɗin lauya, akwai ofishin lauyoyin kare jama'a na gwamnatin Legas, wato OPD, kyauta suke tsaya wa marasa ƙarfi.

Ba zan ɓoye maka ba: yaron da ya sari mutum saboda cinikin tsire, da wuya a same shi da abin biya. Inda gwamnati ta fi sa hannu a aljihu shi ne in jami'anta ne suka yi ɓarnar, kamar kwamitin Mai Shari'a Doris Okuwobi na bayan zanga-zangar EndSARS ta 2020, wanda ya ba da diyyar sama da naira miliyan 400.

Sau da yawa dangin wanda aka kama za su biyo ka ta wajen Sarkin Hausawa ko shugaban kasuwa neman sulhu. In za ka karɓa, a rubuta, a sa hannu gaban shaidu, lauya ya gani. Kafin nan, tattaro rasit ɗin asibiti da na kemis, rahoton likita da hoton hannun, ka yi musu fotokwafi, ka ƙulle na asalin a leda nesa da gawayi da mai.