Ta yaya kwamfuta za ta riƙa shiga min rautoci 30 da kanta?

Tambaya: Assalamu alaikum, Injiniya. Ina aiki a wani ƙaramin kamfanin intanet a Kano. Muna da rautocin MikroTik (na'urorin rarraba intanet) kusan 30 da katangar tsaro ta FortiGate guda 2. Kullum sai na bi su ɗaya bayan ɗaya ina buga kalmar sirri don in kwafi saitinsu. Abokina ya ce in rubuta sikirif, wato ɗan shirin umarnin kwamfuta, in zuba kalmar sirrin a ciki, kwamfuta ta riƙa shiga da kanta. Hakan ya yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Barin kwamfuta ta yi aikin daidai ne, amma kada ka rubuta kalmar sirri a cikin sikirif. Yau yana kwamfutarka, gobe ka tura wa abokin aiki ta WhatsApp, jibi ya bar kamfanin da mabuɗin rautocinku duka a aljihunsa.

Abin da kake bukata shi ne mabuɗin SSH, wato hanyar shiga na'ura daga nesa cikin tsaro. Umarnin ssh-keygen zai haɗa maka guda biyu: na sirri, wanda ba ya barin kwamfutar da ke yin aikin, da na fili, wanda za ka ɗora a kan kowace rauta. A MikroTik sai ka tura fayil ɗin na fili, ka shigar da shi da /user ssh-keys import. Daga nan rauta za ta gane kwamfutarka ba tare da ta tambayi komai ba. Amma kada ka ɗaura mabuɗin a kan asusun admin. Buɗe sabon asusu mai ikon karantawa kawai, ka kuma ƙayyade masa adireshin IP guda ɗaya da zai riƙa shigowa ta shi. Kwafar saiti ba ta bukatar ikon canza komai. Ita FortiGate tana da nata tsarin, asusun API, wanda manhaja ke shiga da shi ta wata lambar sirri ta musamman, shi ma ana ƙayyade masa adireshi.

Telnet kuwa, tsohuwar hanyar shiga na'ura daga nesa, ka rufe shi yau, domin a tsirara yake tura kalmar sirri. Ta nan ƙwayar cutar kwamfuta mai suna Mirai ta mamaye kyamarori da rautoci a 2016. Ka kuma duba sigar RouterOS ɗinka, wato manhajar da ke tafiyar da MikroTik: a 2018 an gano ɓaraka a Winbox, manhajar saita MikroTik, da ta sa aka riƙa sace kalmomin sirri daga nesa, kuma har yanzu ina cin karo da rautocin da ba a sabunta ba.

Idan kwafar saiti kaɗai ce damuwarka, ba sai ka rubuta komai ba. Manhajar Oxidized kyauta ce, tana zagaya na'urorin da kanta, ta adana kowane canji a Git, ma'ajiyar tarihin canje-canjen fayil. Idan kana taɓa yaren kwamfuta na Python, manhajar Netmiko ta san MikroTik da Fortinet da Cisco.

Inda nake jin tsoro shi ne ranar da daɗi zai ɗebe ka, ka fara tura canje-canje. Kuskuren layi ɗaya a dokokin katanga zai kulle ka daga rautoci 30 a lokaci guda, har da wadda ke saman hasumiya a wata unguwa. Fara gwadawa a kan wadda ke teburinka, da hannu, a cikin Safe Mode, wanda ke soke canjin idan haɗinka ya yanke. Ta tsira, sai ka sa sikirif ya tura wa biyu ko uku, sannan sauran.